Makka Uku Tsakanin Inna da Habu

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, Shi da Ya san abin da ke zuciyata a shekarar da zan ba ku labarinta. Wannan babin naku ne, ku 'ya'yana, amma ya fi zama na 'ya'yan ƙanena Habu, musamman ke Ummi mai sunan Inna, da na lura kwanan nan gaisuwarki ta yi gajarta. Na san abin da aka gaya muku. An ce ni Kulu na ɓoye wa ubanku ciwon mahaifiyarmu har ta cika bai gan ta ba, wai don ina jin haushin ta fi ƙaunarsa. Wanda ya fara faɗin haka na san shi, na san tabarmar da ya zauna a kai ya faɗa, ya kuma riga ni tafiya inda dukkanmu za mu, saboda haka na bar shi da Allah. Laifi kam ina da shi, ba zan wanke kaina ba. Sai dai ba wannan ba ne laifin, kuma in za ku riƙe ni a zuciya, gara ku riƙe ni da abin da na aikata.

Bakwai Inna ta haifa, biyu muka rayu: ni ta fari, Habu auta, da tazarar shekara goma sha takwas tsakaninmu. A bayana ya yi wayo. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kamar yadda iyayen zamanin da suke yi wa ɗan fari, sai dai "ke" ko "waccan". Shi kuwa Auta a gaban kowa take cire masa tsoka daga miya. Ban taɓa jin ciwon haka ba, wallahi, don ni ma cire masa nake yi. Abin da ya kamata ku sani game da Inna shi ne sana'arta. A ƙauyenmu, can gaba da Ɗanbatta, ita ce mai zama wurin mata masu jinya in ciwo ya yi tsanani, ita ce kuma mai wankan gawa. Ta zauna a kan mutuwa fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Takan shiga ɗaki ta taɓa ƙafar mara lafiya, ta dubi hancinta, ta saurari numfashi, ta fito ta ce wa mutanen gida a hankali, "Ku aika wa na nesa, ba za ta ga magariba ba." Kuma da wuya ta yi kuskure. Ku riƙe wannan, don a kansa komai ya rataya.

Ni kuma tuyar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa nake yi, ina aika wa kasuwar Ɗanbatta, har Allah Ya nufe ni da sauke farali. A duk danginmu, maza da mata, ni kaɗai ce na taɓa shiga jirgin sama a lokacin. Kai, na kuwa sha wa mutane kai da wannan jirgi! Ko maganar tsadar gishiri ake yi sai na san yadda na juya ta ta koma kan jirgi. Mun tashi daga Kano bayan azahar, na ja carbi, na ci abin da suka ba mu a ɗan faranti, na ɗan yi gyangyaɗi, sai aka ce a ɗaura bel ga Jidda. Awa huɗu da 'yan kai. Motar Ɗanbatta in ta lalace a hanyar Kano ta fi haka cin lokaci. Tun daga ranar na yanke wa duniya hukunci a raina: in dai Makka, da kakanninmu ke yin shekaru a ƙasa kafin su isa, ta zama tafiyar azahar zuwa isha'i, to babu sauran wani wuri mai nisa a bayan ƙasa. A wurina Makka ce ƙarshen nisa. Ban taɓa tunanin akwai garin da in ka je Makka ba ka ma yi rabin hanyarsa ba.

Habu yana koyarwa a jami'a a Kano, yana zaune da iyalinsa a Rijiyar Zaki, sai aka ba shi damar ƙaro karatu a ƙasar Malesiya, a birnin Kuala Lumpur, wanda Inna har ta koma ga Allah ba ta iya faɗin sunansa ba, "garin su Auta" take cewa. Shekara uku zai yi. Ya zo neman izini wata Asabar, ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ni ina gefe ina ɓarar gyaɗa. Inna ta saurare shi har ya gama, sannan ta girgiza kai.

"Shekara uku, Auta? Dube ni da kyau. Ni ba karatunka nake ƙi ba. Na rufe wa matan garin nan ido da yawa suna waige-waigen 'ya'yansu. Ba na son in zama ɗaya daga cikinsu."

Habu ya sunkuyar da kai. Ni kuwa da ba a tambaye ni ba na ture faifan gyaɗa na tsoma baki.

"Haba Inna! Jirgi ne fa, ba jaki ba. In aka kira shi da asuba, wallahi a gidan nan zai yi sallar la'asar. Da shi da wanda ke Rijiyar Zaki duk ɗaya ne."

"Ke kin tabbata?"

"Ni da na shiga? Makka ma ɗungurungum awa huɗu ce."

Inna ta daɗe tana kallona, abin da ba ta saba yi ba. Sannan ta ce, "Asuba zuwa la'asar. To, na riƙe ki. Tashi ka je, Auta, Allah Ya yi maka albarka."

Da na raka shi zaure sai ya tsaya yana sosa ƙeya, ya ce, "Yaya, tafiyar nan fa ta fi yadda kika faɗa."

"Rufe min baki! Ka taɓa shiga jirgi? Na samo maka izini za ka tsaya kana yi min boko? Wuce ka tafi kafin ta sake shawara."

Ya yi dariya ya tafi. Wannan ita ce gaɓar farko da na ɓata, kuma girman kai ne ya sa ni, ba komai ba. Ya buɗe baki zai gyara min, na rufe masa. Da ya tafi, sai da aka kwana biyu kafin ya kira ya ce ya sauka lafiya, ban kawo komai a raina ba, don mu ma a Makka sai da muka kwana biyu kafin mu samu layin kiran gida. Yakan ce min suna gabanmu da awa bakwai, in muna hantsi su suna la'asar, in yi ta mamakin ikon Allah, amma ban taɓa haɗa wannan da nisan hanya ba.

A shekararsa ta uku, da shigowar bazara, Inna ta kwanta. Ƙafafu suka kumbura, numfashi ya riƙa yi mata wuya. Muka kai ta asibiti sau biyu, aka ba da magani, aka ce zuciya ce ta gaji. Na baro ɗakina na tare a nata. Habu yana kira kusan kullum, ni kuma ina ba shi amsar da kowane ɗan ƙasar nan yake ba na nesa: da sauƙi. Kun san halinmu. Mutum yana shure-shuren mutuwa a ce da sauƙi, don kada a tayar wa matafiyi hankali. Ga shi kuma a makonnin ne zai zauna gaban malamansa su yi masa tambayoyi kan littafin da ya yi shekaru yana rubutawa. Duk da haka raina bai kwanta ba. Sau uku ina ce wa Inna bari in gaya masa gaskiya ya zo, sau uku tana hana ni.

"Ƙyale yaro ya gama abin da ya kai shi. Na san jikina, na kuma san abin da nake jira in gani. In lokaci ya yi ni da bakina zan ce ki kira shi. Ai kin ce asuba zuwa la'asar ne."

"Haka ne, Inna."

Haka na ce. Wannan ita ce gaɓa ta biyu.

Ranar Alhamis, bayan na idar da sallar asuba, na ga Inna ta miƙa hannu tana taɓa ƙafarta da kanta, daga yatsu zuwa ƙauri, irin taɓawar da na sha ganin tana yi wa wasu. Ta janye hannun, ta gyara lulluɓi, ta ce cikin natsuwa kamar mai aiken sayen daddawa, "Ke, yanzu kira shi."

Na fita bayan ɗaki, wajen turken awaki inda waya ta fi kamawa, na kira Habu. Ya ɗauka da fara'a, ya ce jiya ya gama da malamansa lafiya. Na ce masa Inna ta ce ya taso yanzu, kada ya wuce la'asar.

"Yaya, wace la'asar?"

"Ta yau mana."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya, ba jiya kika ce min da sauƙi ba? Kin san inda nake kuwa? Tsakanina da Kano ya haura kilomita dubu goma."

"Ni ban san kilomita ba, Habu, kada ka ruɗa ni. Faɗa min da Makka."

"Makka uku ce a jere, Yaya. In kin je Makka, ki sake yin wata Makkar, ki kuma sake wata. Kuma ba jirgi ɗaya ba ne. Na farko zai yi awa bakwai da wani abu ya sauke ni a ƙasar Larabawa, in zauna jiran wani, shi ma ya yi kusan haka kafin Abuja, sannan in nemi na Kano, sannan mota. Ko yanzu na samu kujera, ba zan iso ba sai gobe da yamma."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa cikin kashin awaki ba. Gobe da yamma! Matar da ba ta kuskure lissafin mutuwar wasu ta yi lissafin tata, ta ware wa ɗanta daidai lokacin da na ce mata yana buƙata, ba ƙari. Ni na ba ta mudun da ta auna da shi, mudun kuwa na ƙarya ne. Habu yana ta kiran "Yaya, Yaya" a waya, ya ce zai tafi filin jirgi yanzu da kayan jikinsa, in roƙi Allah ya samu wuri.

Na wanke fuska a bakin randa na koma ɗaki. Inna ta ɗago ido.

"Ya taso?"

"Ga shi nan tafe, Inna."

"Alhamdu lillahi. To ki turara masa dambu, ki sa zogale da yawa, ki zuba man gyaɗa na sama. Yaron nan shekara uku bai ci abincin kirki ba. Ki kuma juya min shimfiɗa in fuskanci ƙofa."

Na juya mata shimfiɗa. Na tsinko zogale, na jiƙa tsaki, na ɗora madambaci, ina yi hawaye na ɗiga a kan murhu. Ban taɓa yin girki mai nauyin wannan ba. Kowane motsi na yi, idona yana kan inuwar katangar yamma, don na san da ita Inna take gane lokaci: in ta taɓa bakin randa, la'asar ta yi. Rana ta take, zafi ya sauko kamar an kife mu da kasko, kaji suka buɗe baki a ƙarƙashin rumbu. Ni dai roƙona ɗaya, inuwar nan ta tsaya. Wajen azahar Habu ya kira ya ce ya samu kujera, yanzu za su shiga, zai kashe waya, kada in neme shi sai bayan isha'i. Wato a lokacin da Inna take zaton ya kusa Ɗanbatta, shi ko tashi bai yi ba.

Baffa Sale, ƙanin mahaifinmu, shi ne babba a gidan tun rasuwar Baba. Ya shigo duba jiki, na ja shi zaure na zayyana masa komai. Ya riƙe gemu ya yi salati.

"Kulu, kin yi ɓarna. Amma tunda an riga an yi, kada ki ƙara wata. Ki yi ta ce mata yana hanya. In ta tambaya, ki ce mota ce ta tsaya. A bar baiwar Allah ta tafi da sa rai, ya fi ta tafi da baƙin ciki."

Na ce to. Har ga Allah na yi niyyar bin maganarsa.

Inuwa ta taɓa randa. Ladan ya kira la'asar. Inna ta yi sallarta a kwance da ishara, ta sa na ajiye kwanon dambu kusa da ita na rufe da faifai. Duk babur ɗin da ya wuce a bayan gida sai ta ɗaga kai, in ƙararsa ta yi nisa ta mayar. Sau biyar na ƙirga. A na shida ba ta ɗaga ba, ni ta kalla.

"Inuwa ta wuce randa."

"Wataƙila mota ce, Inna, kin san hanyar..."

"Ke. Na yi shekara hamsin ina kallon fuskar masu yi wa mara lafiya ƙarya. Ina ɗana?"

Nan na durƙusa na kama ƙafafunta, sanyinsu ya ratsa min tafin hannu, na faɗa mata duka. Na ce Inna na yi miki ƙarya ba da sani ba, na kuma ƙara miki wata yau da sani. Garin su Auta ba Makka ɗaya ba ne, uku ne. Yanzu haka yana sama, ko ta farko bai cika ba. Sai gobe da yamma.

"Uku?"

"Uku, Inna."

Ta rufe ido. Na jira faɗa, na jira tsinuwa ma, don na cancanta. Abin da ta faɗa ya fi su ciwo, kuma a hankali ta faɗe shi.

"Tun ran Litinin na fara ganin alama. Na ce bari in bar shi ya gama da malamansa, ai kusa ne. Da kin ce min uku, da tun Litinin na sa kin kira shi."

Na zaci barci ya ɗauke ta. Can sai ta buɗe ido, na ga wani abu a cikinsu da na sani tun ina yarinya, irin kallon da take yi in damina ta yi gardama ta ce sai ta shuka.

"Dama min kunu. Mai kauri."

Kwana uku rabonta da abinci, ban da dabino da nake jiƙa mata tana tsotsa. Na dama kunu na kawo mata. Ta sha ludayi ɗaya, ya dawo, ta goge baki ta ce in ƙara. Haka muka yi ta fama har ta shanye rabin ƙoƙo, kowane ludayi kamar tana ɗaga buhu. Sannan ta sa na ɗebo ƙwallayen dabino uku cikin waɗanda take ƙirga tasbihi da su, na jera mata a kan faifan da ya rufe dambun.

"Ga Makkokinki nan. Duk wadda ya cinye ki ɗauke min ita. Ni ba na iya jiran abin da ban ga iyakarsa ba."

Da aka kira magariba na lissafa awa huɗu da tashinsa, na ɗauke ɗaya. Inna ta ce, "Saura biyu," ta nemi ƙarin kunu. Bayan isha'i Habu ya kira daga ƙasar Larabawa, na kara mata wayar a kunne. Muryarta ba ta fita sosai, shi kuma kuka ya hana shi magana, ga hayaniyar mutane a bayansa. Abin da na ji ta ce kawai, "Ina nan, Auta. Ka ci abinci?" Ya ce jirgi na biyu ba zai tashi ba sai asubarmu. Da na gaya mata, ta ce, "Ashe su ma suna da tasha. Sai mota ta cika ke nan." Ta kai hannu ta taɓa ƙwallayen biyu, ta ce kada in ɗauke ko ɗaya tunda a zaune yake.

Yadda muka ga asubar Juma'a, Allah kaɗai Ya sani. Sanyin ya haura gwiwa. Numfashinta ya koma irin mai tsayawa ya daɗe, har in miƙe tsaye, sannan ya dawo da ƙarfi. Ta riga ta wuce la'asar da ta yi wa kanta alkawari, ta wuce magariba, ta wuce dare guda cur, matar da ba ta kuskure. Habu ya kira ya ce suna shiga, zai sake kashe waya. Da rana ta fito na ɗauke ta biyu, na ce, "Inna, saura ɗaya." Ta motsa yatsu, na gane nufinta, na sa mata ta ƙarshen a tafin hannu ta damƙe. Na ɗebo kunu, ta buɗe baki da ƙyar, amma ya ƙi wucewa, ya gangaro ta gefe. Ta sake buɗewa. Wallahi ta sake buɗewa, 'ya'yana, sau uku tana buɗe bakin nan kunu yana dawowa. Ina ta kallon wayata kamar in na matse ta jirgin zai ƙara gudu. Ina ce masa a raina yi sauri, yi sauri, ni da na ce jirgi ya fi komai sauri a duniya.

Da hantsi ya ɗaga, inuwar katangar gabas ta janye daga ƙofar ɗaki, ta ce wani abu. Na kai kunne.

"Yana ina?"

"Yana sama, Inna. Ya shigo ta ukun."

"Ki ɗumama masa dambun."

Daga nan sai kalmar shahada, ina faɗa tana bi da leɓe. Idonta a kan ƙofa yake lokacin da na shafe shi.

Na roƙi Baffa Sale a jira Habu. Na kama gefen rigarsa a gaban maza, abin da ban taɓa yi ba. Ya ce, "Kulu, dubi ranar nan. Kuma ke kin fi kowa sanin abin da ita take cewa in an ajiye gawa ana jiran wani." Na sani. Takan ce haƙƙin mamaci a gaggauta shi. Iyakar abin da ya yi min, ya ce a bari sai an sauko daga Juma'a. Ni na yi mata wanka da hannuna, yadda ta koya min, tare da wata tsohuwar maƙwabciyarmu. Da na zo hannun dama na same shi a damƙe, sai da na bi yatsun ɗaya bayan ɗaya kafin su saki. Na ɗauke abin da ke ciki na ƙulle a bakin zanena.

Maza suna ɗaga makara wayata ta yi ƙara. Baffa ya waiwayo ya yi min nuni da hannu, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ba a gaya wa matafiyi. Ki ce da sauƙi."

"Yaya, na sauka Abuja. Ya jikin nata?"

Kalmar tana kan harshena, ta saba da wurin. Na haɗiye ta.

"Sai haƙuri, Habu. Da hantsi. Ga shi ana fita da ita."

Baffa bai yi min magana ba har aka share makoki. Ban damu ba. Daga ranar har yau ban sake ce wa na nesa da sauƙi ba in babu sauƙin, shi ya sa kuke cewa Hajiya ba ta iya gaisuwar mara lafiya ba.

Ana kiran magariba motar haya ta tsaya a ƙofar gida. Daga maƙabarta Habu ya biyo, gwiwoyin wandonsa duk ƙasa. Ba jaka, ba tsaraba, rigar da ya sa tun can ce a jikinsa. Ya wuce masu zaman makoki ya shiga ɗakin Inna, na bi shi. Ya tsaya yana kallon shimfiɗar da ke fuskantar ƙofa, da kwanon dambu da na ɗumama kamar yadda ta ce, ko da yake ya riga ya fara tsami. Na shirya wa duk abin da zai faɗa min. Na ce masa ni ce, Habu, ni na ce mata asuba zuwa la'asar. Ya girgiza kai.

"Ina durƙushe a wurin kika faɗa, Yaya. Na san ba haka ba ne, na yi shiru don ina son tafiya."

Bai ƙara cewa komai a kan wannan ba, ranar ko bayanta, kuma shirun nasa ne mutane suka ɗauka suka yi masa fassarar da ta iso kunnenku. Ya zauna a bakin shimfiɗar, ya jawo kwanon, ya buɗe faifai. Na ce ya lalace, bari in dafa wani. Ya sa hannu ya ci loma uku yana kuka. Sannan ya ɗago.

"Ta jira ni kuwa?"

Na kwance bakin zanena, na kamo hannunsa, na sa masa ƙwallon dabinon a tafi.

"La'asar ɗin jiya ta yi niyyar tafiya. Da ta ji Makka uku ce, ta nemi kunu. Biyu ta cinye maka, Habu. Wannan ce ta gagare ta, kuma ba ta sake ta ba sai da na buɗe hannun."

Ummi, ubanki ya shiga jirgi bayan nan ya fi a ƙirga, har ya zama shi ake tambaya nisan garuruwa a danginmu, ni na yi murabus. In kina shakkar abin da na rubuta, kada ki tambaye shi, ba zai iya ba ki amsa ba. Ki jira ranar da zai yi tafiya, ki ce ke za ki shirya masa jaka. Ki duba ƙaramin aljihun ciki, inda yake sa fasfo.